Shekara bakwai ina kan injin Krones, ga abin da zan gaya wa mai shirin saye

Wani abokina da ke shirin buɗe kamfanin ruwan gora ya dame ni da waya kusan sati biyu, kullum tambayar ɗaya ce, wai wane injin ɗura da rufe marfi zai saya, na Jamus ko na Chana. Na gaji da ba shi amsa gutsi-gutsi ina tsaye cikin ƙarar inji ko jin sa ba na yi sosai, shi ne na ce bari ranar hutu in zauna in rubuta gaba ɗaya, shi ya karanta, duk mai irin tambayarsa ma ya karanta. Ni dai ba dillali ba ne kuma ba wakilin kowa ba ne, makanikin layi ne ni a wani kamfanin lemo a nan Kano, shekarata bakwai kenan a kan inji ɗaya na kamfanin Krones, kafin nan kuma na yi shekara huɗu a kan wani ƙarami ɗan Chana a wani kamfanin ruwa. Duk biyun na kwana a ƙarƙashinsu da tocila a baki.

Namu ba sabo ba ne, kar wani ya ɗauka Alhajinmu ya je Jamus ya cire a leda. Beljiyam ne, ya yi aikinsa a Turai ya gama aka kwance shi aka zubo mana a kwantena, wallahi ya girmi wasu daga cikin yaran da ke ɗaukar kwali a ƙarshen layin. Irin wanda ake haɗa abu uku a jiki ɗaya ne, ya ɗauraye gora, ya ɗura, ya murɗa marfi. Ranar da aka sauke shi ina goge giris na ga wani ɗan farantin ƙarfe a gefe an buga lamba da shekara da wata kalma, Neutraubling. Na yi na yi in karanta harshena ya ƙi, sai Baba, tsohon ogan da na koyi aikin nan a hannunsa, ya ce kai yaro bar wahalar da bakinka, sunan garinsu ne, ka dai rubuta lambar nan a littafinka ka adana ta kamar takardar gida. A lokacin ban gane me yake nufi ba.

To tunda a kan lambar nan duk maganata za ta tsaya, dole in ɗan taɓa labarin gidan da ya ƙera injin, don daga baya na zauna na bi shi.

Neutraubling ɗin nan ƙaramin gari ne a jihar Bavariya, kusa da birnin Regensburg da ke bakin kogin Danube. Asali ma ba gari ba ne, filin jirgin saman soja ne da masana'antar jiragen Messerschmitt, aka yi masa ruwan bama-bamai a yaƙin duniya na biyu, bayan yaƙi Jamusawan da aka koro daga ƙasashen gabas suka zo suka zauna a kangwayen da suka rage. A nan cikin wannan kufai wani saurayi ɗan shekara 27 mai suna Hermann Kronseder ya buɗe ɗan wurin aikinsa a 1951. Kuma ba da injin ɗura ya fara ba fa, da injin manna lebul a jikin kwalba ya fara, shi ma irin wanda sai mutum ya tsaya yana saka masa kwalba da hannu. Sunan Krones ɗin ma yanko shi aka yi daga Kronseder. Manyan kwastomominsa na farko masu yin giya ne, don Bavariya ƙasar giya ce, na faɗa ne tun yanzu don na san akwai wanda zai je ya gani ya dawo ya ce na ɓoye. Inji dai ƙarfe ne, abin da ka zuba masa shi zai ɗura, namu tunda ya shigo Kano lemo kawai yake sha.

Daga lebul ɗin nan ya dinga hawa, 1966 ya buɗe reshe a Amurka a jihar Wisconsin, cikin shekarun 1970 ya shiga ƙera injin ɗura, kuma a lokacin ya fito da dabarar da ta fi burge ni, wato maimakon injin ɗura can, na marfi can, na lebul can, kwalba tana yawo a kan bel tsakaninsu tana gware tana faɗuwa, a haɗe su wuri guda su dinga miƙa wa juna kwalba hannu da hannu. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana tayar da gorunan da suka kife a kan bel ya san wannan ba ƙaramin tunani ba ne. A 1984 suka shiga kasuwar hannun jari, sannan suka dinga sayen wasu kamfanonin suna haɗawa, Zierk masu injin wanke kwalba a Flensburg, Steinecker a Freising, Kettner masu injin shirya kaya a Rosenheim, har ya zama tun daga inda za a haɗa abin sha zuwa inda za a naɗe shi a leda a ɗora kan falet duk suna da injinsa. Da gorar roba ta fara korar kwalbar gilas su ma suka shiga ƙera injin hura gora a ƙarshen shekarun 1990. A 1996 tsohon ya sauka ya miƙa wa ɗansa Volker Kronseder, shi kuma ya riƙe har ƙarshen 2015, uban ya rasu a 2010. Abin da ya ba ni mamaki, da Volker zai sauka ba ɗan gida aka ɗora ba, wani ma'aikacinsu da ya daɗe a kamfanin, Christoph Klenk, shi aka ba wa ragama a 2016, Volker ya koma kujerar masu sa ido. Amma har yau iyalan Kronseder ne ke riƙe da fiye da rabin hannun jarin. Cinikinsu na 2024 ya haura yuro biliyan 5, ma'aikata wajen 20,000.

In ka zaga Sharada da Challawa da Bompai ka ga ƙofofin da aka garƙame ciyawa ta cinye harabar, da yawansu ba kasuwa ce kaɗai ta kashe su ba, wasu maigidan ne ya rasu aka zauna rabon gado, injinan suka ƙare a hannun 'yan gwangwan ana auna su a kilo. Shi ya sa labarin nan ya tsaya min a rai. Amma ba don in yi wa'azi na kawo shi ba, dalilina na aiki ne, za ku gani.

Bari in faɗi yadda injin yake aiki tukunna, don abokin nawa a tunaninsa ɗura gora kamar tara bokiti a famfo ne.

Ruwa zalla shi ne mai sauƙi, bawul ya buɗe ruwa ya sauka da nauyinsa ya rufe, shi kenan. Lemo mai gas shi ne ɗan rigima. Gora tana zuwa a rataye ta wuya iska na tura ta, wani faifai mai haƙora, mu tauraro muke ce masa, ya karɓe ta ya miƙa, a kifa ta a fesa mata ruwa a ciki a miƙe da ita, sai ta shiga babban da'irar da ke juyawa, bakinta ya manne da bawul ya toshe gam. To a nan ba a fara zuba lemo ba, sai an fara cika cikin gorar da gas har matsin cikinta ya yi daidai da na tankin da ke sama, sannan lemon ya gangaro a hankali ta jikin bangon gorar, iskar ciki kuma ta koma sama ta wani ɗan siririn bututu, da lemon ya taɓo bakin bututun sai ya tsaya, wato tsawon ɗan bututun nan shi ke yanke inda ɗurin zai tsaya. Daga nan a saki matsin kaɗan-kaɗan, za ka ji tsss tsss tsss a jere, sannan a sake ta. In aka saki da gaggawa ko lemon bai yi sanyi ba, kumfa ce za ta taso ta zubar maka da rabin gora, kamar dai ka girgiza lemon da ya sha rana ka buɗe. Duk wannan fa cikin daƙiƙu, injin bai tsaya ba.

A wannan ɓangaren gaskiya ba ni da abin cewa sai yabo. Ka ɗauki gora ashirin daga layi ka jera a kan tebur ka durƙusa ka hango, ɗurin kamar an ja zare. Ƙarfen jikinsa bayan duk sodar wanki da ya sha shekara da shekaru ko tabon tsatsa babu, kuma duk notin da za ka kwance an bar maka inda hannu da sufana za su shiga, wanda bai taɓa kwanciya a ƙasa yana laluben notin da aka ɓoye a bayan motar injin ba, ba zai gane daɗin wannan ba. Namu na zamanin da komai da ƙarfe da sifirin yake aiki ne, bawul ɗinsa kana iya cirewa ka baje a kan tsumma ka canza robobin ka mayar kafin a idar da sallar la'asar.

Amma inda kuɗi ke zurarewa ba a ɗura ba ne, a marfi ne, kuma nan ne masu saye ba sa kallo.

Marfi ana juye shi ne a wani mazubi, inji ya jera su fuska ɗaya su gangaro ta wata 'yar hanya, injin yana da kawuna masu murɗa marfi, kowane kai ya cafki ɗaya ya sauko kan gora yana juyawa. A cikin kowane kai akwai maganaɗisu, shi ne ke riƙe ƙarfin murɗawar, da marfin ya kai iya ɗaurin da aka saita sai kan ya zame ya daina murɗawa ko da injin na ci gaba da juyi. Ɗaurin nan in ya yi sako-sako gas ya dinga sulalewa, lemo ya isa shago lami kamar ruwan sikari. In ya yi yawa kuma mai saye ya yi ta fama har ya sa haƙori, ko zaren marfin ya cinye ya dinga juyawa a banza, ko zoben ƙasan nan da ke nuna ba a taɓa buɗewa ba ya tsinke tun a layi. Tsakanin biyun tazarar kaɗan ce ƙwarai. Shi ya sa akwai ɗan ma'aunin da muke ɗaure gora a kai mu murɗe marfin ya nuna ƙarfin da ya buɗe, kuma kowane kai sai an gwada nasa daban, don kai ɗaya in ya lalace ba za ka gani da ido ba, sai dai a kowane zagaye gora ɗaya ta fita da ciwo ta shige kwali.

Na taɓa cin wannan wuya kuma laifina ne rabi. An kawo mana wani marfi mai araha daga wajen wani mai kawo kaya, ba zan kama suna ba, robar ta yi tauri kuma girman ba ɗaya ba, a buhu ɗaya wani ya zauna daidai wani ya karkace. Ina aikin dare na ga wasu na tsiyaya, maimakon in tsayar da layi in kira manaja sai na ce bari in ƙara wa kawunan ƙarfi kawai mu kai safiya, ai ko tsiyaya ta tsaya na koma na zauna ina jin ni gwani. Bayan kwana goma mota ta dawo daga wajen dilanmu da kaya, rabi sun sace gas don zaren ya cinye, rabi kuma ba sa buɗuwa. Alhaji ya kira ni ofis ya ajiye gora ɗaya a gabana ya ce bismilla buɗe min. Na murɗa na murɗa har tafina ya yi ja. Ya ce to kai da kake makaniki kenan, ina ga yarinyar da aka aika ta sayo wa kakarta? Na ce ranka ya daɗe marfin ne, ya ce marfin ne ya ɗauki sufana da ƙarfe biyun dare? Ban sake cewa komai ba. Injin abin da na saita masa shi ya yi, tsaf, a kowace gora, wannan ma shi ne abin haushin.

Yanzu maganar lambar da Baba ya ce in adana.

Dillalin da ya sayar wa Alhaji injin daga Turai ya rantse komai na ciki, a kunna kawai. Aka sha wahalar fito da kwantena daga tashar ruwa, wannan labarin wata rana ne, aka kafa inji aka ja wuta aka ja iska, ranar gwaji muka saka gora ta farko sai kan marfin ya sauko ya tsaya bai kai inda ya kamata ba. Ashe wuyan gora iri-iri ne. Na lemo mai gas akwai tsohon yayi mai dogon wuya da ake kira PCO 1810, akwai sabo gajere PCO 1881 wanda aka rage masa roba don a rage kuɗi, faɗin bakin duk milimita 28 ne shi ya sa da ido za ka ce ɗaya ne. Injin da kayan dogon wuya ya zo, mu kuma masu kawo mana firifom, wato ɗan bututun robar da ake hurawa ya zama gora, da marfi duk gajere suke yi. Aka kira dillali, yau ya ce gobe, gobe ya ce ai ba a tambaye shi ba, daga baya wayar ma ta daina shiga. Inji na nan zaune an lulluɓe shi da tamfol, albashi na tafiya, bashin banki na tafiya, Alhaji in ya shigo ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

Sai Baba ya ce ina littafin nan naka? Kamfanin Krones suna da ofis a Legas mai kula da Afirka ta Yamma, aka tura musu lambar. Wallahi ni na ɗauka za su ce wannan tsohon ai ba mu san shi ba, ba a hannunmu kuka saya ba. Sai ga shi sun san injin, sun san shekarar da ya fita da irin kayan da aka ɗaura masa, suka lissafo abin da za a canza ɗaya bayan ɗaya da lambar kowanne. Inji mai shekara ashirin da wani abu, ya wuce hannu ya ƙetare teku, amma takardunsa na nan a gidan da aka haife shi. A wurina wannan shi ne ainihin abin da kake biya in ka sayi injin irin wannan gida, kuma shi ne amfanin kamfanin da bai watse ba tun 1951. Ɗan Chanan da na yi aiki a kansa a baya, da giyarsa ta karye muka nemi kamfanin da sunansa ke jiki, wakilin da muke magana da shi a WhatsApp ya ce ya bar wajen, wajen ma sun koma wani suna, ƙarshe hoton giyar muka ɗauka da ruwla a gefe muka dinga turawa mutane.

To amma fa da takardar kuɗin ta zo Alhaji sai da ya cire hula ya ajiye a tebur. Da yuro ake lissafi, mu kuma da naira muke sayar da lemo, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da za ka sayo daga waje ya ninka ya sake ninkawa, ɗan roban da zai ɓace a aljihunka sai ka ji kuɗinsa ya kai albashin yaro. Wannan ba wanda zai ɓoye maka, kayan gyaran injin Jamus ba na mai ƙaramin jari ba ne. Mu abin da muke yi yanzu rabawa muke, taurarin roba da 'yan sandunan da gora ke bi akwai wani mai injin sassaƙa a gari da muke kai wa tsohon ya fitar mana da irinsa, kuma suna yi lafiya lau. Amma bakin da ke cafkar marfi da robobin cikin bawul da duk abin da lemo ke taɓawa, waɗannan na asali muke saye ko za a yi kuka. Mun gwada na gida a bakin marfi sau ɗaya, sati bai rufa ba muka cire.

Sai abu na biyu da ya kamata mai saye ya sani, an ƙera injin nan ne don ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa. Shi ba ya son a ɗauke a kawo, ba ya son wuta ta yi ƙasa, in aka ɗauke yana tsakiyar ɗura duk gorunan da ke kan da'irar sun tashi aiki, ga lemon da ke tanki ya fara ɗumi. Kusan kullum a janareta muke, dizal kuma kowa ya san yadda yake. Ga kwamfresa, ita kanta iskar da injin ke amfani da ita dole ta zama busasshiya mai tsabta, in kuma kai za ka dinga hura gorarka to wannan wata kwamfresar ce daban mai matsi har bar 40, ita kaɗai tana iya shan wutar da ta fi ta injin ɗurar. Ga na'urar sanyaya lemo, wadda a watan Maris da Afrilu in zafin Kano ya tsaya sai ka ji tausayinta, mu kan rage gudun layi da rana mu rama da dare. Da hunturu kuma ƙura ce, ta kwanta a kan idon sensa injin ya tsaya yana cewa babu gora alhali ga gora a gabansa, marfi kuma saboda bushewar iska su dinga manne wa juna a hanyarsu. Akwai tsumma mai laushi da ba ya barin aljihuna daga Disamba zuwa Fabrairu saboda wannan kawai.

Wani abu kuma ga masu sayen Beljiyam, ƙwaƙwalwar injin. Da yawa daga na shekarun 1990 da tsohuwar kwamfutar Siemens S5 suke aiki wadda an daɗe da daina yin ta, kuma wani ɗan batir ne ke riƙe mata abin da aka ɗora, in inji ya yi wata da watanni a kwantena batirin ya mutu za ka iya kunnawa ka tarar ta manta komai. Kafin ka biya ko kwabo ka ce a ba ka kwafin abin da ke cikinta da zanen wayoyin wuta, in dillali ya fara kame-kame to ka san inda aka dosa.

Sababbin injinan Krones kuwa wata duniya ce. A baje kolin drinktec na birnin Munich a 2022 sun nuna wani inji mai suna ErgoBloc L da ke hura gora ya manna lebul ya ɗura ya rufe guda 100,000 a awa ɗaya, ka lissafa, kusan gora 28 kenan duk daƙiƙa. Na kalli bidiyon ya fi sau goma, gorar ma ba ka ganin ta sai wani farin layi. Amma ni a raina na ce wannan in ya tsaya ba aikin sufana ba ne, komai da motar lantarki mai kwamfuta da allo yake, sai wanda aka horar. Irin wannan na manyan kamfanonin da ke loda tirela ɗari a rana ne, ba na mai rijiyar burtsatse ɗaya ba.

Kuma ba su kaɗai ba ne a duniya, kar a ce na zama ɗan kanzaginsu. Akwai KHS a Dortmund nan Jamus, akwai Sidel, akwai 'yan Italiya irin su Sacmi da SIPA, akwai Arol a garin Canelli su marfi kawai suka sa a gaba. Su Krones ɗin ma suna da ƙaramin kamfani Kosme a Italiya mai yin na matsakaitan masana'antu, suna da wani kuma ecomac da ke sayen tsofaffin injina ya gyara ya sayar, wanda da Alhajinmu ta nan ya bi da ya fi biyan kuɗi amma da bai yi zaman tamfol ba. A Chana kuwa garin Zhangjiagang a lardin Jiangsu cike yake da masu ƙera irin waɗannan injina, daga manya masu suna har masu rumfa, kuma kuskure ne a yi musu kuɗin goro. Wanda na yi aiki a kansa ya ciyar da gidaje da yawa, kayansa ana samu a kasuwa, boris ɗinsa da bel ɗinsa na kowa da kowa ne, duk makanikin da ya san hannunsa zai gyara. Sai dai kullum kana kansa, yau ɗuri ya sauka gobe marfi ya karkace, kuma bayan 'yan shekaru za ka fara ganin ja-ja a inda aka ce maka ba ya tsatsa.

In maki ake so, wajen ƙarko da daidaiton ɗuri na ba namu tara cikin goma, ɗayan na riƙe ne don ban ga ƙarshensa ba tukunna. Wajen samun bayaninsa da kayansa na asali shi ma tara. Wajen dacewa da aljihun ɗan kasuwar da ke farawa, uku, kuma ukun ma na yi kara.

Abin da na gaya wa abokina kenan. Shi ruwa zalla zai yi, babu gas babu sanyaya, gora dubu biyu zuwa uku a awa ta ishe shi shekarun farko, ga kuɗin rijiya da matatar ruwa da janareta da rajistar NAFDAC duk suna jiransa, in ya zuba jarinsa gaba ɗaya a injin Jamus zai zauna da doki ba ciyawa. Na ce ya nemi ɗan Chana amma na kamfanin da ya kai shekara goma sha da suna ɗaya da adireshi ɗaya, ya sa a haɗo masa kawunan marfi biyu na ajiya da robobin bawul tun a kwantenar farko, kuma kafin komai ya fara zuwa wajen wanda zai dinga sayar masa da firifom da marfi ya ji wane wuya suke yi, na ruwa ma ba ɗaya ba ne akwai 30/25 akwai 29/25, sannan ya sa a rubuta wannan lambar a takardar ciniki. In Allah ya buɗa kasuwa ya fara tunanin lemo mai gas ko layi na biyu, to a lokacin sai mu zauna maganar Neutraubling, kuma ko a lokacin lambar jikin farantin zan fara tambaya kafin farashi.

Ya ce ranar Asabar zai shigo ya ga namu yana aiki. Na ce ya zo da sassafe kafin a tayar da kwamfresa in ba haka ba ko kalma ɗaya ba zai ji ba, kuma ya zubo marfin da yake shirin saye guda goma a aljihu in gwada su a ma'auni.